Ilimin Cefane da Tarbiyyar Matasa: Misali Daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gabatarwa

Akwai wani fanni na tarbiyyar Bahaushe wanda ba safai akan kawo shi cikin lissafi ba idan ana maganar al'adu, watau koyon cefane. Manazarta sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan aure da haihuwa da sana'o'in gargajiya, amma ba a cika tsayawa a dubi yadda yaro ke koyon rabe hatsi mai kyau da marar kyau ba, ko nono tsantsa da wanda aka surka da ruwa. Alhali kuwa wannan ilimi ne da lafiyar mutum ta rataya a kansa kullum, sau biyu ko sau uku a yini.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ilimin cefanen da muka gada, ko da yake yana nan da amfaninsa, bai ishi yaron yau ba, domin abincin da kansa ya sake kama. Sa'an nan za a bayyana abin da ya kamata a ƙara masa. An ɗauki unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na birnin Kano a matsayin misali. Su biyun suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda hedkwatarta ke Unguwa Uku, wadda kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 220,000. Titin Zariya ya ratsa wannan yanki. A kansa ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, da tashar mota ta Unguwa Uku, kuma idan aka ƙara gaba sai a tarar da kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa. Ga kuma kasuwar Tarauni da makarantu birjik. Duk inda asibiti da tasha da makarantu suka haɗu, to, abincin saye yakan yawaita, kuma matasa ne kan gaba wajen sayensa, ko dai da kuɗin tara, ko da kuɗin aike, ko da abin da suka samu daga sana'arsu.

Ilimin Cefane a Gargajiyance

Harshen Hausa kansa shaida ne cewa Bahaushe ya daɗe da sanin dokokin saye da sayarwa. Mai saye yakan yi tayi, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama, a ƙarshe a nemi gyara, a rabu da addu'ar Allah ya ba da riba. Ga kuma kalmomin da ke nuna aibu. Algus shi ne cuɗa abu mai kyau da marar kyau a sayar da sunan mai kyau. Tauye mudu shi ne rage awo. Kwantai shi ne abincin da bai ƙare ba ya kwana. Mushe shi ne naman dabbar da ta mutu ba yanka. Har ma an rabe tsakanin ɗan itacen da ya nuna da kansa da wanda aka nuka, watau aka tsinko shi ɗanye aka rufe shi don ya yi laushi. Al'ummar da ta tanadi waɗannan kalmomi ba baƙuwar ha'incin kasuwa ba ce, kuma ta yi masa shiri.

Shirin kuwa iri biyu ne. Na farko shi ne na hukuma. An kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma Shehu Magili, wanda ya zo Kano a wannan zamani, ya yi suka mai tsanani ga tauye mudu da algus a cikin amsoshin da ya rubuta wa Askiya Muhammadu. Kasuwa tana da sarkinta, mahauta suna da sarkin pawa. Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin cewa akan rubuta sunan dillali a saka cikin ƙunshin tufafi, ta yadda ko an kai kayan Barno, idan aka buɗe aka ga aibu, sai a komo da su a karɓi kuɗi. Ashe ke nan sanya wa kaya takardar shaida ba baƙon abu ba ne a Kano.

Shiri na biyu shi ne na gida, kuma aike ne makarantarsa. Uwa takan aiki yaro sayen daddawa ko man gyaɗa, idan ya dawo ta duba, ta shinshina, ta ɗanɗana. In bai yi ba, ta ce ya mayar. Yaron da aka sa ya mayar da kaya sau biyu ba ya bukatar a sake yi masa bayani. Da haka yake koyon cewa ido da hanci da harshe su ne ma'aunin mai cefane, kuma sanin gidan da aka yi abu ya fi kowane ma'auni.

Abin da Ya Sauya

Wannan ilimi ya ginu ne a kan abu biyu: ana ganin abincin a fili, kuma an san wanda ya yi shi. Dukansu biyu sun yi rauni a yau. Idan mai karatu ya tsaya a teburin mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi da safe, ya ƙirga abin da ke kai, zai ga burodi a leda, madara a gwangwani ko a leda, ganyen shayi a kwali, taliyar nan da aka fi sani da indomi, sa'an nan ruwan leda. In ban da ƙwai, da wuya a sami abin da ido zai iya yi wa hukunci kafin a biya kuɗi. Wanda ya yi kayan yana Legas ko wata ƙasa, ba gidan da za a mayar masa. Wannan shi ne abin da magabata ke kira cinikin biri a sama.

Kalmar talla ma ta sami sabuwar ma'ana. Da, talla ita ce yarinya da farantinta a ka, ana jin muryarta, an san uwarta. Yanzu talla tana kan allon bakin titi, da rediyo, da wayar hannu, tana zuwa da fuskar mawaƙi ko ɗan wasa wanda ba shi da hannu a yin kayan, ba kuma shi za a tuhuma ba. Matashi ne kuwa aka fi nufa da ita, domin an san abin da harshe ya saba da shi tun ƙuruciya yana da wuyar bari.

Darasin Shekarar 2021

Kano ta ga illar wannan sauyi ƙuru-ƙuru. A watan Maris na 2021, dab da azumi, mutane suka riƙa zuwa asibitoci daga ƙananan hukumomi da dama da amai da jiri da fitsarin jini. Zuwa watan Afrilu Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta ba da sanarwar cewa mutum 10 sun rasu, an kwantar da kimanin 400, kuma wajen 50 daga cikinsu ƙoda ce ta taɓu. Bincike ya kai ga garin lemo na leda wanda wa'adinsa ya wuce, da kuma wani farin gari da aka sayar da sunan ɗan tsami, irin wanda ake zubawa a zoɓo da sauran kayan sha. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, watau NAFDAC, ta gwada shi ta ce ba ɗan tsami ba ne, wani sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin, wanda ke lalata jajayen ƙwayoyin jini.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin ma'aunan gargajiya da zai iya kama wannan algus. Garin fari ne kamar na ainihi. Masu haɗa abin shan da yawa ba mugunta suka nufa ba, su ma saye suka yi. Abin da zai iya tsare mutane shi ne tambaya: daga wane buhu aka ɗebo wannan, me aka rubuta a jikinsa, wa ya yi shi, yaushe zai lalace? Saboda haka abin da ya kamata a ƙara wa yaron yau a kan ido da hanci da harshe shi ne karatu da tambaya.

Karatun Leda da Gwangwani

Abubuwan da za a duba a jikin kaya ba su da yawa, kuma ɗan aji huɗu na firamare zai iya riƙe su. Na farko, lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Lambar ba ta hana jabu, domin akan ƙirƙire ta, amma rashinta ya isa dalilin ajiye kaya. Na biyu, sunan kamfani da adireshinsa. Wannan shi ne magajin takardar dillalin da Clapperton ya gani. Na uku, ranaku. Haruffan MFD suna nufin ranar da aka yi kayan, EXP ko BB kuwa ranar da wa'adinsu zai cika. Idan aka ga an goge rana, ko an manna wata takarda a kanta, to, a nan maganar ta ƙare. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa shi ma ba a sayensa ko da ranarsa ba ta cika ba.

Na huɗu shi ne jerin kayan haɗi, kuma a nan ne asiri yake. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, a gangaro zuwa mafi ƙaranci. Don haka idan yaro ya ga hoton lemo ko mangwaro a jikin kwali, amma ruwa da sukari ne a farkon jeri, ya san abin da ya saya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum, watau wajen ƙaramin cokali 12, gishiri kuwa kada ya kai giram 5. Lemon kwalba da yawa yana da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan robar santilita 50 guda ɗaya ta cinye rabon yini. Haka kuma gishiri ne kan gaba a jerin kayan dunƙulen magi, sai ga shi ana zuba shi a tukunya a kuma bi shi da wani gishirin. Ciwon sukari da hawan jini ba sa sallama ran da suka shigo, sai bayan shekaru, kuma wanda ya taɓa ganin masu jiran wankin ƙoda a asibiti ya san ƙarshen tafiyar.

Ba duk abin da ke jikin leda ne gargaɗi ba, akwai na bushara. Tun 1993 doka ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishirin ci a Nijeriya, domin maganin maƙoƙo da kuma taimakon ƙwaƙwalwar jarirai. Tun 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki, aka sa masa alamar ido, domin rashinsa ne ke kawo dundumi. Yaron da ya san waɗannan alamu biyu ya san abin da zai nema.

Kayan da Ba Su da Takarda

Mafi yawan cimar Bakano har yanzu a kwano ake auna ta, ba ta da takarda. A nan ilimin gargajiya yana nan daram, sai dai yana bukatar sabon bayani.

Wake shi ne misali na farko. Da, waken da ba shi da ƙwaro shi ne abin yabo. Yanzu sai an haɗa da hanci, domin wasu masu ajiya suna yayyafa masa maganin ƙwari irin su fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin diklobos da aka samu a jikinsa. Abin da Turai ta ƙi kuwa bai ɓace ba, irinsa ne ke shiga tukwanenmu. Waken da ke warin magani a bar shi. Akwai kuma hanyar ajiya marar guba, watau buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Yana toshe iska ne ƙwaron ya mutu da kansa. Mai saye yana da damar ya tambayi yadda aka ajiye kaya.

Misali na biyu shi ne 'ya'yan itace. Nuka ayaba ko mangwaro ta hanyar rufewa tsohuwar dabara ce marar lahani. Abin da NAFDAC ta hana shi ne nukawa da kabayid, dutsen nan da 'yan walda ke aiki da shi, domin yakan zo da ɓurɓushin guba. Ɗan itacen da bayansa ya yi jawur ko rawaya fes, amma cikinsa da tauri da salam, abin zargi ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ci kowane abu a lokacinsa, a kuma wanke shi sosai.

Na uku, gyaɗa da masara. Idan ba su bushe da kyau ba sukan yi fumfuna, ita kuwa tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda wuta ba ta kashe ta, kuma tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa. Tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane, wanda kakanninmu ke yi a faifai, ashe babban rigakafi ne. Burodi ma yana da nasa: a zamanin shugabancin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, NAFDAC ta yi yaƙi da sinadarin buromet da ake sawa don ya kumbura. Burodi mai girman banza, marar nauyi, marar sunan gidan da ya gasa shi, araharsa ba ta ado.

Haƙƙin da Ke Kan Mai Saye

A ranar 15 ga Maris, 1962, Shugaban Amurka John Kennedy ya lissafa haƙƙoƙi huɗu na mai saye: a tsare lafiyarsa, a sanar da shi gaskiyar kaya, a bar shi ya zaɓa, a kuma saurari kukansa. Shi ya sa ake tunawa da wannan rana kowace shekara a duniya. Nijeriya tana da hukumar tarayya mai kare waɗannan haƙƙoƙi, Jihar Kano ma tana da tata. Amma tarbiyyar Hausa da ta Musulunci ba su tsaya ga haƙƙin mai saye kaɗai ba, sun ɗora masa nasa nauyin. Surar Alƙur'ani da ta yi gargaɗi a kan tauye mudu ta haɗa har da wanda ke cika wa kansa idan shi ne mai karɓa.

Saboda haka ya kamata matashi ya san cewa danne Bafulatana mai nono da tayin wulaƙanci don ya ga yamma ta yi, zalunci ne. Haka nan cin bashin mai ƙosai a ƙi biya. Ya kamata ya san cewa abincin da ake zubarwa bayan biki almubazzaranci ne, alhali almajiri yana bakin ƙofa. Ledar ruwan da ya jefar ita ce za ta toshe magudanar unguwarsu da damina. Kuma kuɗinsa suna da inda suke zuwa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ita ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa. Wanda ya sayi shinkafar Kura ko kauɗar tumatir mai tsabta ya tallafi manomin jiharsa. Wanda ya sayi daddawa ya ba wata mata sana'a, ya kuma ba wani dalilin barin ɗorawa a tsaye a gonarsa.

Shin Mai Yunwa Yana da Zaɓi?

Wani zai ce duk wannan magana ce ta mai ƙoshi. Wannan suka tana da ƙarfi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A watan Fabrairu na shekarar 2024 mata masu gurasa suka yi zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, wasu magidanta kuma suka koma cin afafata, shinkafar da a da ake ware wa kifi. Wanda ke cikin irin wannan hali ba a yi masa wa'azin zaɓe.

Amma fa a lura, lokacin tsada ne kasuwar algus ke ci, kuma talaka ne ake nufa da ita. Shi ne kuma wanda ba ya da kuɗin asibiti. Ashe shi ya fi kowa bukatar wannan ilimi. Daɗin daɗawa, abinci mai gina jiki ba lalle ne ya zama mai tsada ba. Koko da ƙosai, ɗanwake, awara, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, fura da nono, yawancinsu haɗin hatsi ne ko ganye da wake ko gyaɗa ko madara, irin haɗin da masana abinci ke yabo. Kuɗin da ɗalibi zai sayi lemon roba da biskit, idan ya kai su wurin mai awara ko mai ɗanwake mai tsabta, zai fi daɗewa a ƙoshe. Abin da ke hana shi sau da yawa kunya ce, kada abokai su ce masa baƙauye. Wannan kuwa aikin tarbiyya ne, ba na aljihu ba.

Wa Zai Koyar?

Gida ne na farko. Kada iyaye su bar al'adar duba aike. Sai dai a yanzu uwa ta sa yaro ya karanta mata ranar da ke jikin leda, ta yadda shi zai ba ta karatu, ita ta ba shi ido. Makarantun boko da na Islamiyya za su iya yin darasi ba tare da kashe ko kwabo ba: kowane ɗalibi ya zo da ledar abin da ya ci jiya, a karanta tare, a yi lissafin sukari a darasin lissafi, a yi hukuncin algus a darasin fiƙihu. Limamai da gidajen rediyo su tuna da maganar kafin azumi, lokacin da kayan sha ke yawaita.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana harshe. Kusan duk bayanan da ke jikin kayan abinci da Ingilishi ake rubuta su, alhali miliyoyin masu saye Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami. Ya kamata a daidaita kalmomi irin su ranar yi, da cikar wa'adi, da kayan haɗi, a kuma nemi kamfanoni su riƙa buga su, tun da dai ba sa ƙyashin yin talla da Hausa.

Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa Bahaushe yana da tsohon ilimin cefane wanda harshe da kasuwa da gida suka riƙe, kuma abincin leda da sinadaran zamani sun fi ƙarfin wannan ilimi shi kaɗai, kamar yadda abin da ya faru a Kano a 2021 ya tabbatar. Maganin shi ne a riƙe na da, a ƙara masa karatun takarda da tambayar asali, a kuma tuna wa matashi haƙƙin manomi da mai talla da maƙwabci. Yaran da ake aika kasuwar Tarauni yau su ne magidantan da za su ciyar da iyali nan da shekara goma sha biyar. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ciyar da mu halal mai albarka, amin.